Minti Huɗu

Gado na sha ɗaya, kusa da taga,
inda sanyin Lamingo ke shigowa ba sallama.
Shekara talatin da ɗoriya Baba na gyaran agogo a Taminus,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a yatsu biyu.
Yau hannun daman yana kwance a kan bargo
kamar wani ne ya manta da shi ya tafi.

Na haddace ƙwayoyi kamar sunayen 'ya'yan maƙwabta:
fara da asuba, mai tsaga bayan la'asar,
'yar ja wadda ba a sha da ciki wayam.
Na koyi juya mutum duk bayan awa biyu
don kada baya ya yi gyambo.
Sista Kangyang ce ta nuna mini:
"Sa hannu nan, ƙarƙashin kafaɗa.
Kada ka ja shi. Kira sunansa, zai taimake ka."

Ranar da na fara yi masa wanka
ya juya fuska ga bango,
ni ma na zuba wa bokiti ido.
Ruwan ne kaɗai ya yi magana.

Talata likita ya ce, "Juma'a za ku gida."
Inna ta ɗaga hannu sama.
Ni kuwa matakalan gidanmu na Gangare na hango,
guda bakwai, sassaƙe a jikin dutse,
da masai na tsuguno,
da ƙofar da keke ba zai shige ba ko an karkata shi.
Ashe mutum ake sallama.
Ciwon, a leda ake ƙulla maka shi tare da magani.

Garzali ya kira daga Abuja:
a nemo mai jinya, zai riƙa turowa duk wata.
Uwani ta ce, "Bare ya ga tsiraicin Baba muna raye?"
Muka yi faɗa ƙasa-ƙasa a baranda
har katin wayar ya ƙare,
babu wanda ya yi nasara.

A bayan rasit na kantin magani muka raba mako.
Dare nawa ne.
Rana ta Uwani, in ta taso daga koyarwa.
Gashin ƙashi, Litinin da Alhamis, da kuɗin mota, na Garzali.
Na zo rubuta Inna, ta dafe biron:
"Ni ba karɓa-karɓa na zo yi gidan nan ba."

Bulus kafinta ya huda kujera, ya kafa ƙarfen dafawa a bango.
Na miƙa kuɗi, ya mayar da hannu aljihu.
"Agogon aurena sau uku yana mutuwa," ya ce,
"sau uku tsohon nan yana tashe shi."

Juma'a mu huɗu muka ɗauke shi a kujera.
Ya rufe ido tun daga matakala ta farko.
Bai fi buhun dankali rabi ba,
amma gwiwata rawa take.

Miya ba gishiri. Ya ture kwano.
Inna ta ture nata ita ma, suka zauna suna hararar juna,
sannan ta ɗauki cokali.

Can dare, na shimfiɗa tabarma a gindin gadonsa,
sai hannun hagu ya ɗago, ya nuna bango.
Baki ya karkace, harshe ya yi nauyi,
kalmar ta daɗe a hanya:
"Ya... yi... baya."

Na duba waya. Minti huɗu cif.

Na sauko da agogon, na kifa shi a cinyarsa.
Yatsuna a kan ɗan makunnin, idonsa a kan yatsuna.
Na murɗa.
Ya yi tsaki,
tsaki sosai, irin na da, na shago.
Na sake murɗawa, a hankali.